Abin da wuƙar likita ke nema a kwata

A ƙa'ida, binciken naman sa yana farawa ne tun yana tsaye da ƙafafunsa. In an sauke shi daga mota, a bar shi ya huta awa 12 zuwa 24, ya sha ruwa, sannan likitan dabbobi ya duba tafiyarsa, numfashinsa da zafin jikinsa. Lafiyayyen sa zafinsa digiri 38 ne zuwa 39 da ɗoriya. In ya haura 40, a ware shi. Amma a kwatoci da yawa tun asuba ake fara yanka don nama ya riski kasuwa, ma'aikaci ya iso ya tarar an riga an feɗe.

Inda wannan ganganci ya fi muni shi ne ciwon saifa. Dabbar da ta faɗi farat ɗaya, baƙin jini mara daskarewa na fita ta hanci, baki ko dubura, ba a sa mata wuƙa sam. Da zarar iska ta taɓa jinin, ƙwayar cutar takan yi ɓawo ta zauna a ƙasa shekaru da dama. Ƙonewa ake yi, ko a binne a rami mai zurfin mita 2. A watan Yulin 2023 gwamnatin tarayya ta tabbatar da ɓullar cutar a wata gona kusa da Suleja, alhali cibiyar binciken dabbobi ta Vom tana haɗa allurar rigakafinta, wadda ake yi wa dabba sau ɗaya a shekara.

Bayan yanka, dole kai da huhu da hanta da zuciya su zauna tare da gangar jikinsu har a gama dubawa. In masu kai da ƙafa suka ja nasu, masu kayan ciki suka kwashi nasu, to ko an ga cuta ba a san naman wane sa za a riƙe ba.

Tarin fuka a kaluluwa yake ɓuya. Likita zai tsaga ta ƙarƙashin muƙamuƙi da ta bayan maƙogwaro, sannan waɗanda ke tsakanin huhu biyu, yanka-yanka siri-siri, ba tsaga ɗaya ba. Abin da yake nema ƙulli ne mai ruwan ɗorawa, cikinsa kamar cuku, wani lokacin har ka ji yana gurzar wuƙa. In a huhu kaɗai ya tsaya, a zubar da huhun. In ya bazu zuwa hanta, haƙarƙari da sauran kaluluwa, san gaba ɗaya ya tashi daga abinci. Ana iya gano cutar tun dabba na raye: a aske wuya, a auna kaurin fata, a yi allurar gwaji mililita 0.1 cikin fatar, a dawo bayan awa 72 a sake aunawa. Sai dai wane dillali ne zai tsare sa kwana uku a kara?

Ɗan tsutsar tsila kuma a naman kumatu, harshe da zuciya ake nemansa, ɗan farin ƙurji ne mai ruwa da bai wuce santimita 1 ba. In kaɗan ne, daskarar da naman kwana 10 a sanyin digiri 10 ƙasa da sifili yana kashe shi, in akwai wutar. Tsiren da bai gasu har ciki ba kuwa ba ya kashewa.

Akwai abin da wuƙa ba ta gani: ragowar magani. Makiyayi ya ga sa na ramewa, ya ɗirka masa allura, washegari ya kai kara, alhali allura mai daɗewa a jiki na bukatar mako uku zuwa huɗu kafin yanka, gwargwadon abin da ke rubuce a kwalba. Wannan sai ɗakin gwaji.

Doka kam akwai ta, har an sabunta ta yaƙi da cututtukan dabbobi a 2022. Matsalar tana wajen rabon aiki da kuɗi. Tsarin mulkin 1999 ya ɗora kula da mayanka a kan ƙananan hukumomi, likitocin kuwa galibi na jiha ne. Wani na karɓar haraji, wani na neman ruwa da safar hannu. Mahaucin da aka ƙwace wa sa kuma, sau da yawa bashi ya ɗauko shi, kuma babu mai biyansa diyya. Gobe in ya ga dabba na tari, a bayan gida zai yanka ta. Da za a ware wani kaso daga kuɗin yankan kowane sa a zuba a asusun diyya, sarkin fawa da likita su sa hannu tare kafin a fitar, da mahauci da kansa zai riƙa kiran likita ya zo ya duba.