Daga Shenyang Zuwa Bakin Kogin Yalu

Ɗan yayana da ke karatun injiniya a Shenyang ne ya matsa mini in tsawaita zamana a ƙasar Sin bayan na gama harkokin da suka kai ni Beijing, yana cewa wanda bai ga arewa maso gabashin ƙasar ba, ba zai taɓa gane dalilin da ya sa Sinawa suke tayar da jijiyar wuya a kan maganar iyaka ba. Na hau jirgin ƙasa mai gudun tsiya, muka isa Shenyang cikin kusan awa uku, ya tarye ni a tasha, muka wuce wani gidan abincin Musulmi 'yan ƙabilar Hui, inda aka kawo mana taliyar da ake ja da hannu a cikin romon naman sa.

Washegari ya kai ni gidan tarihin 18 ga Satumba. An gina dutsen tunawa da ke ƙofarsa a siffar kalanda a buɗe, wadda ta tsaya cak a kan wannan rana ta shekarar 1931, daren da sojojin Japan suka dasa nakiya a layin dogo a gefen birnin, suka ɗora wa Sinawa laifi, sannan suka fake da hakan suka mamaye yankin Manchuria baki ɗaya, har suka kafa ƙasar jeka-na-yi-ka ta Manchukuo a 1932 suka ɗora tsohon sarki Puyi a kanta. Har gobe ana kaɗa jiniya a birnin duk ranar 18 ga Satumba. Na tarar da 'yan makaranta a jere, malamarsu tana yi musu bayani da ƙaramar lasifika, kuma babu mai wasa a cikinsu. Yaron da aka raina a kan wannan tarihi, idan ya girma ya ji cewa Japan ta ƙudiri aniyar kai kasafin tsaronta kashi biyu cikin ɗari na arzikinta, kamar yadda ta sanar a 2022, ba sai an gaya masa yadda zai ɗauki labarin ba.

Daga Shenyang zuwa Dandong, garin da ke kan iyakar Sin da Koriya ta Arewa, tafiyar ba ta kai awa biyu ba, kuma rabinta cikin ramukan da aka huda a duwatsu ake yin ta. Ƙaton mutum-mutumin Mao ne yake tarbar baƙo a harabar tasha, kogin Yalu kuma yana nan kusa, ana iya takawa da ƙafa. A tsallakensa garin Sinuiju na Koriya ta Arewa yake, kusa ƙwarai har mutum yana iya rarrabe mai keke da mai tafiya a ƙasa. Mata suna zaune a bakin ruwa suna ba da hayar madubin hangen nesa, suna kuma sayar da kuɗin Koriya ta Arewa da kan sarki a cikin leda.

Gadoji biyu ne a jere, kuma dukansu Japan ce ta gina su a zamanin da take mulkin Koriya. Ɗaya tana aiki har yanzu, ta kanta jiragen ƙasa da manyan motoci suke ɗaukar kaso mafi tsoka na cinikin ƙasashen biyu. Ɗayar kuwa, wadda aka kammala a 1911, jiragen yaƙin Amurka sun ragargaza ta a watan Nuwamban 1950, lokacin yaƙin Koriya, ɓangaren Sin kaɗai ya tsira. Mun biya kuɗin shiga muka taka har inda ta yanke a tsakiyar kogi. A can ƙarshe an bar ƙarafan yadda bom ya murɗe su, wasu sun nannaɗe, wasu suna da huji irin wanda ɗan yatsa zai iya shiga, daga nan kuma sai ginshiƙai tsirara a cikin ruwa har gaɓar Koriya.

A nan wani dattijo mai hular sanyi ya tsaya yana kallonmu, ya tambayi daga ina muke. Ɗan yayana ya yi mana tafinta. Dattijon ya ce mahaifinsa yana cikin sojojin Sin da suka tsallaka kogin nan a wancan yaƙi, sannan ya kawo karin maganar da Sinawa suka saba yi game da Koriya, cewa idan leɓe ya tafi, haƙora ne za su sha sanyi. Na tambaye shi ko yana ƙaunar gwamnatin da ke tsallake. Ya yi dariya ya kaɗa hannu. Ɗan yayana ya juyo ya ce mini, "Baffa, cewa ya yi ba a zaɓen maƙwabci, kuma gara wannan da a wayi gari sojan Amurka yana wanke fuska a ruwan Yalu."

Maganar tasa tana da tushe a tarihi, domin ta wannan ƙofa aka sha shigowa. A 1894 Japan ta karya rundunar ruwan daular Qing, mai mulkin Sin a lokacin, a kusa da bakin kogin, sojojinta suka tsallako, yaƙin ya ƙare da yarjejeniyar Shimonoseki ta 1895 wadda ta raba Sin da Taiwan. A 1904 Japan da Rasha suka gwabza a wannan gaɓa, a kan ƙasar da ba ta ɗayansu ba. Saboda haka da dakarun Janar MacArthur na Amurka suka sauka a Incheon, a gaɓar Koriya ta Kudu, a watan Satumban 1950 suka nufo arewa, shugabannin Beijing, waɗanda gwamnatinsu ba ta wuce shekara guda da kafuwa ba, sun ga abin da suka riga suka sani ne yake dawowa, ga kuma masana'antun ƙarfe na Anshan a bayansu. Firaministan Sin Zhou Enlai ya aika gargaɗi ta bakin jakadan Indiya cewa idan Amurkawa suka ƙetare layi na 38, wanda ya raba Koriya biyu, Sin za ta shiga, ba a ɗauki maganar da muhimmanci ba, sai ga dakarun Sin ƙarƙashin Janar Peng Dehuai sun fara tsallakawa a ranar 19 ga Oktoba.

Gidan tarihin yaƙin yana kan tudu a cikin gari, kuma an sake buɗe shi a 2020 bayan gyara, daidai lokacin da dangantaka da Amurka ta yi tsami. Hukuma ta ƙidaya mamatanta fiye da 197,000, ciki har da Mao Anying, ɗan Mao na cikinsa. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda aka wuce da sauri a kan ranar 25 ga Yunin 1950, ranar da Koriya ta Arewa ta fara kai hari kudu. Mutumin Seoul, babban birnin Koriya ta Kudu, wanda aka ƙwace birninsa a watan Janairun 1951 da taimakon waɗannan dakaru, ba zai kira abin da ya faru kare kai ba. A ganina tsoron Sin na gaskiya ne, ba shiri ba ne, amma ta saba auna shi ita kaɗai. Da Koriya ta Kudu ta karɓi na'urar Amurka ta kakkaɓo makamai masu linzami, THAAD, a 2017, Seoul ta ce don Pyongyang, wato Koriya ta Arewa, ta yi, Beijing ta ce idon na'urar yana leƙa cikin gidanta, ta hana ayarin masu yawon buɗe ido zuwa can, aka kuma rufe yawancin kantunan kamfanin Lotte a Sin. Sojojin Amurka kimanin 28,500 suna nan a kudu, kuma ba a taɓa maye gurbin tsagaita wutar 1953 da yarjejeniyar zaman lafiya ba.

Shi ma maƙwabcin da ake karewa ɗan hakin da ka raina ne. Tun 1961 akwai yarjejeniyar taimakon juna tsakanin Beijing da Pyongyang, amma hakan bai hana Koriya ta Arewa gwada nukiliya sau shida daga 2006 zuwa 2017 ba, a wurin da ba shi da nisa da iyakar Sin, har girgizar gwajin ƙarshe ta kai garuruwan wannan ɓangare. Sin ta kaɗa ƙuri'ar takunkumi a Kwamitin Sulhu a wancan lokaci, sai dai ba ta taɓa matsawa har gwamnatin ta durƙushe ba. Ga kuma Rasha, wadda ta ƙwace wa daular Qing ƙasa mai faɗi a 1858 da 1860, suka kuma yi musayar wuta da Sin a tsibirin Zhenbao a 1969. Yau aminiya ce, amma a watan Yunin 2024 Putin ya je Pyongyang ya ƙulla tasa yarjejeniyar tsaro da Kim Jong Un, wanda hakan ya ba Kim wata kafaɗar da zai jingina da ita ban da ta Beijing.

Da yamma muka ɗauki tasi zuwa sabuwar unguwa a kudancin gari, inda Sin ta kashe maƙudan kuɗi ta gina sabuwar gada mai igiyoyin ƙarfe, aka gama ta wajen 2014, ta kuma shafe shekaru ba a buɗe ta ba. Direban ya nuna mana dogayen benaye da aka gina da fatan ciniki zai bunƙasa, da yawansu babu labule a tagoginsu. Ya ce shi bai damu da Amurka ko Rasha ba, abin da ya karya shi shi ne rufe iyakar da Koriya ta Arewa ta yi a farkon 2020, lokacin annobar korona, domin kafin nan 'yan kasuwa yake ɗauka daga tasha zuwa ofishin kwastan tun safe har dare. Ya sauke mu a tasha muka sayi tikitin Dalian, domin ɗan yayana ya dage sai na ga tashar ruwan Lushun, wadda Rasha da Japan suka yi ta karɓa daga hannun juna, kuma sojojin Tarayyar Soviet ba su bar ta ba sai a 1955.