Fatsa a Mai Wurno

Jiya bayan La'asar na sauka bakin kogin Nilu a nan Mai Wurno, ƙasar Sudan, da ɗan yayata, inda madatsar Sinnar ke kwantar da ruwa. Sai da muka zauna na tuna ban taho da abin da zai yi iyo a kan zare ba. Na tsinci karan dawa, na fere, na ciro totuwa tsawon yatsa, na soka mata gashin zabo, yadda marigayi Baba ya koya mana. Muka sa tana a ƙugiya.

Karfasa, wadda ake kira bulɗi a nan, ba ta fizga. Gashin zai ta rawa a hankali, sannan ya nutse.

"Kawu, ja!"

Bakwai muka kama kafin Magariba. Totuwar duk ta jiƙe, amma yaron ya cusa ta aljihu.