"Ko a jikina" da Turancin Manchester

Wata huɗu da zuwana Manchester na shiga ajin koyon Turanci na manya, wanda a nan ake kira ESOL. Turancin makaranta ina da abina tun daga Kano, na bakin titi ne ya gagare ni. Kusan rabin ajin 'yan Hong Kong ne, cikin waɗanda suka taho Ingila bayan an buɗe musu bizar BNO, wata biza ta musamman da Birtaniya ta tanadar wa mutanen Hong Kong, a Janairun 2021.

Kujerata na kusa da ta wata dattijuwa a cikinsu, Anti nake ce mata. Ran nan ta shigo ido jawur. A gidan kula da tsofaffi inda take aiki, shugabarsu ta tambaye ta ko aikin safe take so ko na dare. Ita kuwa, har da murmushinta, ta ce, "I couldn't care less." Tun daga ranar gaisuwa ma da ƙyar ake amsa mata.

Baiwar Allah a zatonta ladabi ta yi. A yarensu na Kanton ana cewa "mou so wai", wato duk wanda ya samu, zaɓi na wajenki. Ta ji jimlar Turancin a talabijin, ta ga tana da tsawo, ta ɗauka ita ce ta girmamawa.

Ni kam nan take na gane, don muna da irinta. "Duk wanda ya samu" daban, "ko a jikina" daban. Ta biyun da taɓe baki ake faɗinta. Malamarmu ta fayyace a allo: ma'anar "I couldn't care less" ita ce damuwata ta riga ta kai ƙasa, ba sauran inda za ta ragu. In zaɓi aka ba ka, "I don't mind" ake cewa. Da ta ƙara da cewa Amurkawa da yawa "I could care less" suke faɗi, kuma nufin ɗaya ne, sai Anti ta ajiye biro ta dafe kai.

Ban yi mata dariya ba, don ni ma na taɓa shiga. Na tambayi maƙwabciyata ƙarfe nawa zan kawo mata dambun nama, ta ce, "I'm not bothered." Sati guda ina kumbure-kumbure, ashe ko yaushe ya yi mata take nufi.

Washegari Anti ta kai wa shugabar kek ɗin ƙwai daga unguwar 'yan China ta titin Faulkner, ta ba da haƙuri. Aikin daren dai aka bar ta a kai.