Tarihin Rayuwata, Kashi na 7: Sarƙar Keke

Makon jiya na tsaya a daren da maigidana ya kwance sarƙar kekena ya kulle ta cikin akwatinsa. Keken guragu ne mai ƙafa uku, wanda ake murzawa da hannu. In babu sarƙa, babu kasuwa, babu gidan suna, sai rarrafe zuwa bakin zaure. Kwana 9 na yi a haka.

Duk wanda na kai wa kuka a Tawa, amsarsa ɗaya. Gwaggo ta ce, "Ɗiyata, yi haƙuri. Tun da shan inna ya kama ki, wa ya zaci za ki yi aure?" Ban riƙe ta a zuci ba, abin da ta taso ta ji ke nan.

Salula kaɗai maigidana ya manta bai karɓe ba. Akwai wata makauniya da muka haɗu a bikin ranar naƙasassu ta 3 ga Disamba, ina ce mata Yaya. Wayarta karanta mata rubutu take yi da murya, gudun hannunta a kanta ya fi na masu ido. Ita ta saka ni cikin wani rukunin WhatsApp na mata masu naƙasa, daga Yamai, Maraɗi, Damagaram, har da Ƙonni. Yawanci murya ake aikawa, da Hausa ko Zabarmanci, sannan wata ta rubuta da Faransanci saboda kurame.

Kwana uku ina saurare kawai, ina aiken yaron maƙwabta ya sayo min katin waya. A dare na huɗu na lulluɓa da zane, na yi magana ƙasa-ƙasa.

Na zaci za su ce in yi haƙuri, ko su ce in tattara kayana in fita. Ko ɗaya ba a ce ba. Wata Hajiya daga Yamai ta tambaye ni, "Ƙanwata, wa ke ɗebo miki ruwa? Wa ke kai ki likita?" Na ce shi ne. Ta ce, "To, daga nan za mu fara." A nan na fashe da kuka. Mai ƙafa ba ya gane cewa hannun da ke marinki shi ne ke ɗaga ki ya ɗora kan keke, ba a rabuwa da shi da faɗar baki.

Sun koya min abubuwa daki-daki. In goge saƙo da zarar na saurara. In ɗauki hoton kumburin hannuna in tura wa mutum ɗaya tak, kada in saka a rukuni, don an taɓa samun wadda ta fitar da muryar wata har ta kai kunnen dangin miji. Takardar haihuwata da ta aure su koma gidan maƙwabciya. In abin ya ɓaci da dare, lamba 17 ta ƴan sanda ce. Wata da ta yi karatun shari'a ta ce in nemi takardar likita tun tabo bai ɓace ba, kuma akwai hukumar ANAJJ mai ba talaka shawarar shari'a kyauta. Ita ce ta fara gaya min cewa Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu tun 2008, an kuma yi mana doka a 2019. Dariya ta kama ni. Ashe ina da doka sukutum, sarƙa ce ba ni da ita.

Maganar sarƙar ce ta fi damun su. Kafin azahar washegari sun yi karo-karo, wata dala hamsin, wata jikka guda, suka turo wa Yaya. Da la'asar sai ga ta, jikanta na jan sandarta, mai gyaran keke na biye da su da sabuwar sarƙa a leda.

Yana cikin ɗaure ta, hannunsa duk baƙin mai, muka ji tsayuwar kabu-kabu a ƙofar gida, muka ji sallamar maigidana. Yaya ta gyara zama kan tabarma, ta ce min, "Kada ki ce komai. Bar ni da shi."

Mu haɗu mako mai zuwa.