Laraba, kwana tara da dawo da Baba gida

Yau Baba ya tashi da ɗan ƙwari. Tun da likita ya ce ciwon hantar ya wuce magani, sai dai a rage masa raɗaɗi, muka maido shi ɗakinsa. Morfin na ruwa yake sha, duk bayan awa huɗu, kuma ni ce mai riƙe da takardar lokaci. Nas ɗin da ke leƙo mu ta ce in ina son hira da shi, in bari ya sha da kamar rabin awa, zafin ya lafa, barci bai kai ga ɗaukarsa ba.

Bayan azahar na shiga da tambayoyi goma sha biyu a rubuce, na kunna rikoda, na ajiye wayar gefen matashinsa. Ya dube ni ya ce, "Uwata, yau kuma 'yar jarida kika zama?"

Ko tambaya ta biyu ban kai ba. Shi ya ja akalar. Baba ba ya ƙirga shekaru da lamba. Aurensa da Inna, "shekarar da aka bar fam da sule aka koma naira", wato 1973. Kekensa Raleigh, da kuɗin Udoji, wato ƙarin albashin da gwamnati ta yi wa ma'aikata, ya saya, lokacin yana aikin reluwe a layin Kano zuwa Nguru. Da ya zo kan yadda ya goyo Inna a keken suka faɗa kwata, sai ga muryarta daga tsakar gida: "Malam, ka ji tsoron Allah, kai kaɗai ka faɗa!" Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, na jiƙa masa leɓe da auduga.

Sai ya yi shiru, can ya ce in miƙo masa littafin da ke ƙarƙashin buzunsa. Na zaci addu'o'i ne. Ashe bashi ne. Mai itace na binsa dubu huɗu, akwai wata tsohuwar ajiyar marayu, akwai kuma waɗanda yake bi, ya ce in soke sunayensu, ya yafe. Na ce, "Baba, ku huta, gobe ma rana ce." Ya ce, "Ke kika ga goben?"

Da hannunsa ya ƙara layi biyu da ajami, biron yana rawa. Ajamina bai taka kara ya karya ba, kuma kunya ta hana ni tambayarsa me ya rubuta. Sai Yaya ya zo ranar Juma'a.

Yanzu na gama sauraron abin da na ɗauka. Minti ashirin da uku ne, rabi duk carar zakaran maƙwabta da ƙarar turmi. Da na yi niyyar yanke hayaniyar, na fasa. Na tura wa Yaya da Auta ta WhatsApp, don kada wayar nan ta ci amanata.

Maganin ƙarfe biyun dare ya kusa. Bari in je in auna.