Ranar da asiton ya cinye shafin rigar kwat a hannuna

Ɗigon sufa gulu uku ne kacal a ƙasan aljihun ƙirji na wata rigar kwat mai ruwan toka. Mai ita yana liƙe ƙafar tabarau gam ɗin ya tsiyaye masa. Aiki ne da na sha yi a kan shadda da yadin auduga, don haka ban tsaya dogon tunani ba. Na shimfiɗa rigar a tebur, na jiƙa auduga sharkaf da asiton, wato ruwan sinadari mai narkar da gam, na ɗora a kan ɗigon. Gam ya saki, fuskar rigar ba ta yi komai ba domin ulu ce. Sai da na ɗaga ta na ga cikinta. Asiton ya ratsa ya sauka kan shafi, shafin kuwa asitet ne, wani yadin masana'anta mai santsi kamar siliki. Wuri kamar faɗin tafin hannu ya narke, ya yi danƙo, da ya bushe kuma ya ƙandare kamar ledar da wuta ta lasa.

Babu wanki ko guga da ke gyara wannan, domin asiton narkar da zaren asitet yake yi ɗungurungum. Sai da tela ya farke shafin duka ya sa sabo, daga aljihuna. Mai rigar bai ɗaga murya ba. Cewa kawai ya yi, "Malam, da ka bar mini ɗigon nan, ai ba wanda zai lura." Maganar tana nan a raina har yau, don gaskiya ya faɗa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne gwajin da zai hana wannan ɓarna bai kai minti biyu ba. Ka juya rigar, ka nemi rarar yadi a cikin ɗinki, ka yanko ɗan ƙyalle kamar ƙwayar shinkafa, ka sa a farantin tangaran, ka ɗiga masa asiton. In asitet ne, nan da nan zai fara yauƙi yana manne wa tsinke. Auduga, lilin, ulu da foliyesta ba sa narkewa. Kuma kowane yadi da ke jikin rigar gwajinsa daban: fuska, shafi, yadin aljihu, har zaren aikin wuya. Ni fuskar kaɗai na duba. In rigar tana da takardar bayani a ɗinke, kalmomin da za ka nema su ne acetate (wato asitet), triacetate da modacrylic. Ko da kashi 10 cikin 100 aka rubuta, ajiye kwalbar. Sai dai kayan da telolinmu ke ɗinkawa ba su da takarda, na gwanjo kuma sau da yawa an yanke ta ko ta koɗe, shi ya sa farantin tangaran ba ya barin teburina yanzu.

Ga yadda nake cire sufa gulu tun daga lokacin. Da farko, kada a goge shi yana ɗanye. Gogewa tura shi take yi cikin saƙa, ɗigo ɗaya ya koma faɗin kwabo. Ban da haka, sufa gulu da auduga ba sa shiri: suna haɗuwa yake ɗaukar zafi, in yana da yawa har hayaƙi yake yi ya ƙona fata. A janye yadin daga jiki, a bar shi ya bushe kamar minti 20. Sai a kankare abin da ya yi tudu da gefen cokali, a jiƙa wurin cikin ruwa da sabulu na awa ɗaya, ko ya kwana in yadin zai jure. Sau da yawa rabin gam ɗin a nan yake tafiya.

Sauran ne na asiton, shi ma ba zubawa ake yi ba. Tsinken auduga na goge kunne ya isa. A ninka farin ƙyalle mai tsabta gida huɗu, a sa shi daidai ƙarƙashin yadin da ke da gam, wato tsakanin fuska da shafi. In babu hanyar shiga, a warware ɗinkin shafin kamar tsawon yatsa, daga baya a mayar. Ɗinki biyar ne da allura, kuma da na yi shi a ranar da ban sayi sabon shafi ba. A ƙarƙashin ƙyallen nakan ƙara ƙaramin farantin ƙarfe, ba roba ba, don asiton yana cin wasu robobin. A dangwala, a jira daƙiƙa 30, a kankare da tsohon buroshin haƙori, a sake. Asiton yana saurin tashi, don haka dangwalawa shida ƙanana sun fi zubawa ɗaya aiki. A riƙa juya ƙyallen ƙasa zuwa wuri mai tsabta, in ba haka ba gam ɗin da ya narke zai dawo wa yadin. Daga nan sai wanki. Kada dutsen guga ya hau wurin sai an shafa da yatsa an ji babu sauran tauri, domin zafi yana ƙara kafa abin da ya rage.

Masu sayen ruwan goge janfarce a madadin asiton su duba kwalbar. Wani babu asiton a cikinsa sam, wani kuma an zuba masa mai da launi, ya cire gam ya bar nasa tabon. Farin da ba shi da kala ake nema. Kuma asiton yana kama wuta daga nesa. A shagon da ake guga da gawayi, a fita da dutsen waje kafin a buɗe kwalbar, a buɗe taga.

Shadda tana da nata halin. Asiton ba ya cin zarenta, amma yakan ja launi, musamman wadda aka rina a gida. A dangwala a cikin kalmasa da farar auduga. In launi ya biyo audugar, a haƙura da asiton, a koma jiƙawa da kankarewa, ko da zai ɗauki kwana biyu. Ko an yi nasara, wurin yakan dusashe ya bambanta da sauran, sai an wanke rigar duka an sa sitaci an kai bugu kafin ƙyallin ya daidaita. Leshi mai duwatsu kuwa, duwatsun ma da gam aka liƙa su, asiton yana kusantarsu za su fara zuba.

Sauran gam ba su kai wannan wahala ba. Farin gam na kafintoci da 'yan makaranta ruwan ɗumi da sabulu ke sakinsa cikin rabin awa; in ya tsufa a ƙara cokali ɗaya na khal, wato binega, a kofin ruwa. Gam na kyandir, wanda ake narkawa da bindiga, a ɗiga sifirit a gefensa zai ɓantare gaba ɗaya. Mai ruwan ɗorawa na masu gyaran takalmi, a sa rigar a leda cikin firiza awa ɗaya, a ɓare abin da ya ɓaru, a murza sauran da yatsa ya dunƙule, sannan asiton bayan gwaji.

Kafet ne ya nuna mini kuskurena bai tsaya ga riga ba, domin shi ma yana da nasa shafin. Yawancin kafet na shimfiɗa ɗaki gashinsa a soke yake cikin raga, an riƙe shi ta ƙasa da danƙon roba. Fetur, kananzir, tinna da asiton duk suna sassauta wannan danƙon. Ka zuba, gam ya fita, bayan sati gashin wurin ya fara tsigewa ko kafet ɗin ya kumbura. Saboda haka a kan kafet kada ruwan da ke narkar da gam ya kai ƙasansa: a jiƙa ƙyalle a matse, a dafe gashin da shi ta sama kawai. In sufa gulu ne a kan bakin gashi, almakashi ya fi komai. A datse kan gashin da ya ƙandare, babu mai ganewa.

Wanda aka fi kirana a kansa shi ne gam ɗin ɓera, allon ya kife a kan kafet ko yaro ya taka ya zaga falo. Wannan ba ya bushewa, ruwa kuma ba ya taɓa shi. Man gyaɗa ke kashe danƙonsa. Kamar cokalin shayi ɗaya ga faɗin tafin hannu, a shafa da yatsa a kan gam ɗin, a bar shi minti 10, a kwashe da cokali daga gefe zuwa tsakiya, ana goge cokalin a takarda kowane ɗauka. Sai a barbaɗa garin sitaci ya tsotse man na rabin awa, a share. Sannan cokalin shayi ɗaya na sabulun wanke kwanuka a kofi ɗaya na ruwan ɗumi, a riƙa dannawa da ƙyalle, ban da dirzawa. A ɗauraye da ruwa kaɗan sau biyu ko uku. Nan ne mutane ke gajiya su bari, kuma man da ya rage shi ke kama ƙura, da hunturu ya shigo wurin ya koma baƙin tabo da ya fi na farko muni.

Wasu suna ɗora takarda a kan gam su bi da dutsen guga. Kafet mai arha yawanci zarensa roba ne da ke narkewa wajen digiri 160, dutsen guga a zafin auduga kuwa yana kai 200. In an gama wankin, a ɗora busasshen tawul mai kauri a wurin, a danne da abu mai nauyi ya kwana, da safe a taje gashin da buroshi ya miƙe.