Laraba: kwaɗo da makulli

Yau na sha kunya a kulob ɗin kimiyya, kuma ni na jawo wa kaina.

Bayan an tashi muka taru a ɗakin gwaje-gwaje, mu goma sha ɗaya. Malam ya shigo da zare, da tef ɗin awo, da wani jibgegen kwaɗon ƙofa, da ƙaramin makulli. Ya ɗaura zaren a jikin ƙusa ya ce, in an rataya kowanne aka sake shi yana lilo, wanne zai fi saurin kai da komowa? Tun bai rufe baki ba na ce kwaɗo mana, ai ya fi nauyi. Har da dukan tebur. Malam bai ce uffan ba, sai ya miƙo min tef ɗin.

Muka auna mita 1, muka ƙirga zuwa da dawowa sau 10 da agogon waya. Makulli ya cinye daƙiƙa 20. Kwaɗo ya ɗan zarce haka, na fara cewa to, ko ba komai dai akwai bambanci. Sai wani yaro ɗan aji uku, wanda ko magana bai cika yi ba, ya ce, “Yaya, ai daga bakin zaren kuka auna, ba daga tsakiyar kwaɗon ba.” Wallahi gaskiyarsa. Muka gyara awon, muka maimaita har sau uku: 20, 20, 20. Ashe nauyi ba ruwansa, tsawon zaren ne ke da ta cewa. Da muka rage shi zuwa santimita 25, lokacin ya koma daƙiƙa 10, wato in ka raba tsawon gida huɗu, lokaci ya ragu da rabi. Wannan ɗin ya fi tsaya min a rai.

Sai a sannan Malam ya ba mu labarin Galileo na Italiya da ya nazarci wannan lilo, da Huygens ɗan Holan da ya ƙera agogo da shi a 1656. A aji da tun farko za a rubuta mana wannan a allo mu kwafe. Ni kam da na haddace na manta.

An yi maganar kuɗin rajista da wanda zai share ɗakin, ban saurara sosai ba. Mako mai zuwa rokar ruwa za mu haɗa da gorar roba, kuma yaron nan na riga na ja shi rukuninmu.